Labbo Ya Fasa Jiran Sabuwa

…kuma ma ba ta da wani nauyi. Abin mamakin ke nan. Shekara uku Labbo yana ɗauke da ita a ka, yau ga ta rataye a ƙirjinsa cikin baƙar jaka, ko kwatan kwandon albasa ba ta kai ba. Kwamfutar cinya ce, ta hannu, murfinta duk ƙarje, gefe ɗaya an liƙe da salatif. Ita ce dai. Ya saya. Ya saya? Yana sakin hannun moto, babur ɗin nan nasa, ya taɓa jakar, karo na nawa ke nan tun da ya baro kasuwar Konni? Tana nan.

A hankali, Labbo, a hankali. Ramin can… kauce. Mutumin da ke cin hanyar Konni zuwa Galmi kafin shayi ya huce, yau ga shi masu keke suna neman wuce shi. Su wuce. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ya fara fid da kai, hadari kuma ya haɗo daga gabas, daidai inda ya nufa. Ya naɗe ta da leda biyu, ya ƙara da dardumar sallarsa. In ruwa ya sauko shi ya jiƙe, ita a'a.

Numfashi. Rabonsa da jan numfashi ya kai masa har ƙasan ciki irin haka… tun yaushe? Ƙirji wasai, kamar wanda aka cire wa ƙaya. Kuma kunya ma tana ciki, kada ya yi wa kansa ƙarya, amma sauƙin ya fi yawa.

Kwana goma sha biyu. Litinin ta sama, kafin azumi ya kama, Hindu za ta zauna jarrabawa a Illela—Illela tasu ta arewa, ba ta bakin iyaka ba. Sakatariya ake nema a ofishin magajin gari na Tajaye, mutum ɗaya tak, kuma ba a tambayar ɗiyar wa ce, allo ake ajiye maka, a sa agogo, a ce buga. Hindu matarsa. Ita ta yi lakwal, makarantar boko, har ta samu takardarta, ta ƙara da wata shida na koyon buga rubutu a Konni, shi kuwa aji shida ya tsaya, mahaifinsa ya ce gona ta fi buƙatarsa. Ranar da aka rufe wurin koyon ta dawo gida ta ce yatsu mantuwa gare su, in ba a motsa su. Shi da bakinsa, ba wanda ya matsa masa, ya ce, "Ni zan saya miki taki." A tsakar gida, gaban turmi, yana wani buɗe kafaɗa. Shekara uku ke nan da watanni.

To me ya hana?

Jira. Ai su gidansu jira ne abincinsu. Kowa ya iya noma albasa a Galmi, har yaro. Iya ajiye ta shi ne aikin. Marigayi Malam Chindo, mahaifinsa, bai taɓa sayar da buhu ɗaya a watan girbi ba, ko da kuwa gidan ya kwana da kunu. A ɗora ta a rudu, rumbun karan nan mai ƙafafu da iska ke ratsawa, a rufe, a toshe kunne. Manyan motocin Gana da na Abijan su zo su tsaya bakin hanya, dillalai su yi ta zarya, tsoho yana kishingiɗe yana sakace. "Ba yanzu ba." Wata huɗu, wata biyar. Sai kasuwa ta bushe, sai waɗanda suka yi gaggawa sun koma cizon yatsa, sannan ya miƙe ya karkaɗe riga. Da haka aka gina ɗakunan siminti, da haka aka je Makka. Labbo ya tashi ya tarar mai haƙuri shi ne mai hankali, mai sauri kuwa abin dariya ne a majalisa. To laifi ne don ya ɗauki abin da ya gada ya tafi da shi shagon kwamfuta?

Laifi… a'a. Bari dai.

Shagon Sharifu, bayan tasha, mai fanka ɗaya da ƙamshin sabuwar leda. Zuwan farko: ga guda uku a kan kanta. Ya duba, ya shafa, ya jinjina kai kamar ya san abin da yake dubawa. Sai ya yi tambayar—"Akwai wadda ta fi wagga tahe?" Wane mai shago ne zai ce babu? Akwai mana, mai batirin da ke daɗewa, tana hanya. To a jira ta. Da ta zo, akwai mai cin faifai ta kuma rubuta a kansa. A jira. Da ta zo, akwai mai ido a goshi, mai kamo saƙo daga iska ba waya. Sharifu bai taɓa yi masa ƙarya ba, bawan Allah, ko sau ɗaya. Shi Labbo ne ke kawo tambayar da ya riga ya san amsarta, ya karɓa, ya sa a aljihu, ya hau moto ya koma gida da ita a madadin kaya. "An ce mu dakata kaɗan, Hindu, wata na tahe wadda ta hi." Ita kuma ta ce, "To." Kullum to. Wannan to ɗin… da ma zagi ne da ya fi sauƙin ɗauka.

Tsarnawa. Shingen jandarma, igiya a ƙasa, inuwar itacen bedi. Rage wuta. Takardun moto suna aljihun gaba—suna nan? Suna nan. Jandarman yana duban jakar, yana duban yadda mutum ya rungume ta da gwiwar hannu.

"Mi ka ɗauko haka, Malam, awa jinjiri?"

"Kwamfuta ta. Ta maiɗakina."

Ta maiɗakina. Ya faɗa, a fili, ga baƙo, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Jandarman ma murmushi ya yi ya ɗaga masa hannu. Ga hanyar Tawa nan ta balle hagu, ta miƙe arewa. Ta nan ake bi a je Illela. Bai dube ta ba. To, ya ɗan duba.

Kwalin. Kwalin ne ya kama shi yau, ba wani abu ba. Wata na biyu da alkawarin, ganin shiru, sai ta kawo masa kwalin sabulu da littafinta na makaranta, ta ce ya zana mata allon bugawa, shi da ke da hannun ja layi. Ya zauna da reza da biro ya fitar da gidaje, kowane harafi da ɗakinsa, yana kwafa daga littafin, har yana jin daɗin kansa. Tun ranar, in ta sauke tukunyar rana ta yi azahar, sai ta ɗora kwalin a kan faranti, farantin a kan cinya, ta rufe ido. Yatsu goma suna tafiya a kan abin da ba ya amsawa. Ba ƙara, ba haske, ba komai. Harufan suka goge saboda gumi, ya sake zana su. Suka sake gogewa, ya sake. Sau uku! Mutum ya zana wa matarsa kwamfutar kwali sau uku, yana da rudu huɗu cike a bayan gari, kuma ya kwanta ya yi barci har da minshari. Kai, Labbo.

Bara ta je. An yi irin jarrabawar, ta wani gari, ta hau mota ita kaɗai ta tafi. Ta dawo bayan la'asar, ta cire takalmi, ta sha ruwa. Bai tambaya ba, don ya ga fuskar. Can da za ta shiga ɗaki ta ce, ba ma shi take kallo ba, "Na gaske nutsewa sukai." Maɓallan. Na gaske in ka taɓa su nutsewa suke, su dawo, su yi ƙara, in ka daɗe a kai harafi ya yi ta zuba. Yatsunta sun san gidan kowa, amma ba su san ƙasa za ta motsa a ƙarƙashinsu ba. Suka firgita, suka sandare. Shi kuma me ya ce? Me ya ce a ranar? "Allah bai nufa ba." Ya jingina wa Allah abin da ke cikin aljihunsa.

Kuma ya ji daɗi. Faɗi mana, ba kowa a hanyar nan sai kai da gero. A can ƙasan zuciya, inda ba ya son leƙawa, ya ji daɗi da ta faɗi.

Tirela! Gefe, gefe… iskarta ta kusa kwashe shi. Hannu a jaka. Tana nan.

Shekaranjiya Sharifu ya bugo waya, sabuwa ta iso, a zo a gani. Sai ya buɗe rudu ɗaya, a watan da ɗan gidan Chindo ba ya buɗewa, 'yan'uwa suna kallonsa kamar ya taɓu. Ya tsaya ana tsincewa—wannan ta tsiro, wannan ta yi ruwa, wannan ta koma ɓawo zalla—tsibi guda a gefe na zubarwa. Dama haka ne kowace shekara, rudu yana cin rabonsa, tsoho ma ya sani, ba ya dai faɗa a majalisa. Ya sayar, ya taho yau Laraba da niyyar… da wace niyya? Ya gani. Ya gani kawai. A ransa ya san za a samu wani dalili, kullum ana samu.

Aka kuwa samu, tun kafin ya zauna. Sharifu ya zaro ta daga kwali, siririya, baƙa wuluk, tana ƙyalli, mutum yana ganin fuskarsa a murfin. "Amma wagga ta wani Alhaji ta, Malam Labbo. In kana so in sa a taho da taka, sai bayan salla." Bayan salla. Jarrabawa kafin azumi. Sai ya ji wani sanyi ya sauko masa, sanyin da ya saba ji, na wanda aka ce yau ma ba sai ya biya ba. Har ya shirya maganar da zai kai gida: an kusa, Hindu, bayan salla, ai za a sake wata jarrabawar baɗi, gara ki shiga da sabuwa…

Sai Sharifu ya buɗe murfin.

Ido ya sauka a kusurwar hagu, layin sama, inda biro ɗinsa ya fara sau uku. Nan gidan A ne. A, sai Z, sai E. Ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa. Amma a nan wani ne zaune a gidan, Q, ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. A ta sauko ƙasa. M ma da ke ƙarshen layin tsakiya ta ɓace, sai can ƙasa ya gano ta a rakuɓe. Kayan da ke biyowa ta Kano ne, jerin Ingilishi. Ofisoshinsu kuwa na nan, daga Konni har Tajaye, jerin Faransanci ne. Wato abin da ya shekara uku yana jira, da ya iso, da yatsun Hindu sun shiga gidan da aka sauya wa ɗakuna. A can ƙarshen kanta kuwa, ƙarƙashin ƙura, ga tsohuwar nan da wani ma'aikacin furoje, aikin raya karkara, ya sayar da zai bar gari, ba mai ko tayawa. Ya ɗaga murfinta. A, Z, E. Kowa yana gidansa.

Sharifu, mai gaskiyar tsiya, har ya fara: "Ai ba komi ba na, ana musanya su daga ciki, minti biyar, sai a manna 'yan takardu bisa—"

"Ɗaure min tsohuwag ga."

"Malam Labbo, batirinta hwa—"

"Ɗaure ta."

Bai bari ya ƙarasa ba. Don me? Don ya ji sarai. Ana sauyawa, ashe. Minti biyar. Wato dalilin nasa ma ba dalili ba ne, ƙofar jira tana nan a buɗe, in ya so ya koma ta cikinta. Shi ya sa ya yi sauri, ya ƙirga ya miƙa ya fito kamar ana korarsa. Shekara uku yana neman hujjar dakatawa, yau ya tsinci hujjar dainawa, gurguwa ce ma, ya rungume ta da hannu biyu kafin ta kuɓuce. In mutum zai yaudari kansa, gara dai ta wannan gefen. Dariya ta kama shi, shi kaɗai a kan moto, har wata mai tallan gyaɗa a bakin hanya ta juyo.

Malbaza. Dogon bututun gidan siminti, farar ƙura a kan ganyaye. Ɗigo ɗaya a goshi… biyu. Kada dai. Ya ƙara wuta kaɗan, ya sunkuya a kan jakar.

To tunda an fara faɗin gaskiya, a ƙarasa. Ba batiri ba ne, ba faifai ba, ba ido a goshi ba. Tajaye ce. In ta ci, can za ta zauna Litinin zuwa Juma'a, gidan gwaggonta, sai ƙarshen mako ya gan ta. Ofis, teburi, kujera mai juyawa. Maza masu gugaggun riguna suna shiga suna fita, suna Faransanci mai santsi, suna ce mata madam. Ta dawo ranar Asabar ta tarar da shi, hannu na warin albasa, warin da sabulu bai taɓa fitarwa ba, yana haɗa harufan takardar taki da ƙyar. Za ta gan shi yadda yake. To da can ba ta gani ne? Wa ke karanta masa takardun ƙungiyar manoma? Wa ke gyara masa in ya rubuta? Shekara tara tana yi, ba ta taɓa ɗaga masa gira ba. Tsoro ne kawai. Tsoro ne, ya sa masa rigar haƙuri, ya fita da shi majalisa ana yaba masa hankali. Yana son matar nan har yana tsoron ta yi tsawo ya kasa kai hannu. Ga ta nan, ya faɗa. Ba daɗin ji, amma ta fita.

Kuma tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a bayan moto. Sai dai yau ba shi ke tuƙi ba.

In ba ta ci ba fa? Kwana goma sha biyu me za su yi? In wuta ta ɗauke, batirin nan da Sharifu ya so ya yi magana a kai… in ta mutu gobe? In, in, in. Ya isa. Za ta taɓa na gaske, su nutse, su dawo, ta saba da ƙararsu. Abin da ke hannunsa ke nan, sauran ba nasa ba ne.

Ruwan ya fasa, ya bi ta kudu. Ga Galmi, ga rudu jere a bayan gari da hulunansu na ciyawa, ga warin nan da ya san shi tun kafin ya san sunansa. Lungu, kwata, ƙofar gida. Kashe moto. Ƙafafu ba sa son sauka—yunwa ce, bai ci komai ba tun safe, yunwa ce kawai.

Hindu tana tsakar gida tana kwashe shanya saboda hadari, zane a kafaɗa. Ta dubi fuskarsa tukuna, kamar kullum, don ta karanta amsar kafin ya faɗa. Sannan ta ga jakar. Bai shirya magana ba. Duk tsawon hanyar nan bai shirya ko kalma ɗaya ba. Ya kwance darduma, leda, leda, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Tsohuwa ta. Ba ta da kyau."

Ba ta karɓa nan take ba. Ta goge hannu a zane, ta sake gogewa. Ta ɗaga murfin a tsaye, ta duba, leɓenta na motsi. Yi magana mana, Hindu, ko to ɗin ce…

"Maigida, takarduna na nan ƙarƙashin katihwa. Ban kai su ba."

Waɗanne takardu? Na shiga jarrabawar. Ba ta… ai ya ɗauka tun makon jiya ta aika!

"Gobe sha biyun rana za a ruhe karɓa. Na ce in ka komo hannu wohi, na bari ke nan, ba ni sake zuwa in ji kunya." Ta rufe murfin a hankali, ta rungume ta. Ba fushi a muryar, ko kaɗan, shi ne ma abin. "Na daɗe da sanin ba sabuwa ka ka jira ba."

Ta sani. Tun yaushe? Duk to ɗin nan, duk… ta sani, ta zauna, tana dafa masa tuwo. Kuma da ya saurari Sharifu minti ɗaya, da ya bari ya ƙarasa maganar nan, da yanzu yana tsaye a nan yana cewa bayan salla, ita kuma ta ce to, ta shiga ɗaki, takardu su kwana inda suke har su yi ja, shi ko labari ba zai ji ba. Tazarar ke nan. Minti ɗaya. Ya nemi abin zama bai samu ba, ya dafa moto.

Gobe sha biyu. Illela. Motar haya ba tabbas, ga ruwa, ga ƙoramu a hanya, sai an fita da asuba. Wa zai kai ta? Wa kuwa. Shi ne zai goya ta, shi da kansa, ya kai ta har ƙofar wurin, ya tsaya waje a rana da hularsa a hannu tana ciki…

"Akwai mai ga moto?" in ji ta daga bakin ɗaki.

Bai sani ba. Bai duba ba, tun Konni bai duba ba. Ya kama ƙahonnin moton, ya girgiza shi, ya kai kunne kusa da tanki, yana saurare.